Igwar Tankar Tiger ta Jamus, 8.8 cm KwK 36: Tambayoyi da Amsoshi

In ana hirar makaman Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, ba a yin nisa sai wani ya ambaci "tamanin da takwas" ta Jamus. Wasu sun san ta daga finafinai, wasu daga wasannin kwamfuta, kuma sau da yawa labarin da ke yawo a baki ya wuce abin da ya auku a filin daga. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace bindiga ce wannan?

Igwa ce da kamfanin Krupp na birnin Essen ya tsara, aka ɗora ta a kan tankar yaƙin nan mai suna Tiger I. Cikakken sunanta a takardun soja 8.8 cm KwK 36 L/56. Faɗin ramin bututunta milimita 88 ne. KwK taƙaitawa ce ta Jamusanci da ke nufin igwar tankar yaƙi. Shi kuma L/56 yana nuna cewa tsawon bututun ya ninka faɗin raminsa sau 56, wato mita 5 ba kaɗan. Ta shiga fagen fama a 1942, aka ci gaba da harba ta har ranar da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945.

Daga ina ta samo asali?

Daga bindigar kakkaɓo jiragen sama. Bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure mata hannu wajen ƙera manyan makamai. Sai Krupp ya tura injiniyoyinsa ƙasar Suwidin, suka zauna da kamfanin Bofors suna aiki nesa da idon masu sa ido. Da suka komo gida da zanensu, aka fara ƙera bindigar da yawa a 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki. Aka raɗa mata Flak 18 da gangan, don duk wanda ya ji ya ɗauka tsohon zane ne na 1918. Daga baya aka yi mata gyare-gyare, aka sami Flak 36 da Flak 37. Jimillar abin da aka ƙera na waɗannan uku ya haura 20,000, kuma mafi yawansu sama suka yi ta kallo suna kare biranen Jamus daga jiragen ruwan bama-bamai.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne buƙatar da aka ƙera ta dominta. Mai son harbo jirgin da ke can ƙololuwa dole harsashinsa ya fita da gudu mai tsanani, dole a iya ɗura wani nan take, dole kuma bindigar ta juya kowane ɓangare. Waɗannan siffofi uku su ne dai abin da mai farautar tanka yake nema.

Yaya aka yi bindigar harbo jirgi ta koma kan tankoki?

An fara gwada ta a kan abubuwan ƙasa a yaƙin basasar Sifen, tsakanin 1936 da 1939, inda Jamus ta tura rundunar Condor ta taya Janar Franco. Amma inda ta yi suna shi ne Faransa. Ranar 21 ga Mayun 1940, kusa da garin Arras, tankokin Matilda na Birtaniya suka afka wa rundunar Janar Erwin Rommel. Ƙaramar igwar Jamus mai milimita 37 ta yi ta dukan sulkensu harsasai na tsalle suna faɗuwa, har sojojin da kansu suka riƙa kiranta "mai ƙwanƙwasa ƙofa". Rommel ya sa aka jera manyan igwogi da bindigogin kakkaɓo jirgi, aka sunkuyar da bakinsu, da haka aka tare harin.

Bai manta darasin ba da ya zo Arewacin Afirka. A watan Yunin 1941, a mashigar Halfaya da ke kan iyakar Masar da Libiya, Jamusawa suka haƙa ramuka suka binne bindigogin, baki kawai ke leƙe a saman yashi. Matildan da suka tunkari mashigar da safiyar ranar 15 ga wata kusan duka a nan suka ƙone. Mako guda bayan haka Jamus ta mamaye Tarayyar Sobiyet, ta ci karo da tankokinta T-34 da KV-1, nan ma sau da yawa "tamanin da takwas" ake kira ta zo ta raba gardama.

Sai dai tana da babban aibi. Doguwa ce, ana hango ta daga nesa, nauyinta tan 5 ne in an girke ta, sai babbar mota mai sarƙa ta ja ta, kuma mutum goman da ke aiki da ita a fili suke tsaye, in ban da ɗan garkuwar ƙarfe a gaba. Tunanin a sa irin wannan ƙarfi cikin sulke, a ba shi ƙafar kansa, daga nan ya taso.

Ke nan bindigar jirgin aka ɗauko aka ɗora wa tanka?

A'a, ko da yake haka mutane da yawa ke faɗa. Faɗin rami ɗaya ne, tsawon bututu ɗaya, ƙwayar harsashin ma iri ɗaya. Amma sauran jikin sabon zane ne, domin cikin kan tanka, wato ɗakin da ke juyawa a samanta, wuri ne matsattse. An gajarta nisan da bindigar ke ja da baya in ta tashi, aka sa mata wani ƙarfe mai tagogi a baki wanda ke karkatar da hayaƙin harbi gefe don rage naushin. Wajen tayar da albarushi kuma, ta jirgi allura ce ke dukan gindin kwanso, ta tanka kuwa wutar lantarki ce ke kunna shi. Saboda haka ba a ɗaukar harsashin wannan a zura wa waccan kai tsaye.

Ganin T-34 ne ya sa Jamus ta ƙera Tiger?

Kwanakin ba su yarda da haka ba. Ranar 26 ga Mayun 1941 Hitila ya umarci kamfanonin Henschel da Porsche su fito da babbar tanka mai tan 45, mamayar Sobiyet kuwa sai 22 ga Yuni aka fara ta. Matilda ta Birtaniya da Char B1 ta Faransa su ne suka fara tayar masa da hankali. Abin da T-34 ta yi shi ne ƙara wa aikin gaggawa. An nuna wa Hitila samfurin kamfanonin biyu ranar 20 ga Afrilun 1942, ranar zagayowar haihuwarsa, daga bisani aka zaɓi na Henschel.

Henschel da farko wata bindiga daban ya yi niyya, mai bututun da ke tsukewa zuwa baki. Ita kuwa sai da harsashi na ƙarfen tangistan, wanda Jamus ba ta da shi sai ta sayo daga Fotugal da Sifen. Aka watsar da ita, aka ɗauki kan da Krupp ya riga ya zana wa tankar Porsche, mai ɗauke da igwar 88. Kan ya fi ƙarfin gangar jikin da ake da ita, dole aka faɗaɗa ta. Faɗi ya jawo ƙarin sulke, sulke ya jawo nauyi, tankar da aka ce tan 45 ta tashi a tan 57. A ganina duk matsalolin da Tiger ta yi fama da su daga baya, daga wannan mataki suka faro: bindiga aka fara zaɓa, sannan aka gina mota a kewayenta.

Wane irin harsashi take ci, kuma kaurin ƙarfe nawa take hudawa?

Tiger na ɗaukar harsashi 92, yawanci rabi na huda sulke, rabi na fashewa. Na huda sulken da aka fi amfani da shi sunansa Panzergranate 39. Nauyin ƙwayarsa kilo 10.2, yana fita da gudun kusan mita 773 a daƙiƙa. Ƙarfe ne mai tauri, an sa masa hular ƙarfe mai laushi a goshi don kada ya tarwatse ko ya zame in ya daki sulke, a kan wannan kuma wata siririyar hula mai tsini don ya tsaga iska. A gindinsa akwai ɗan abin fashewa da ba ya tashi sai ya riga ya shige ciki. Wannan ne ya sa tankar da ya huda ba kasafai mutanenta ke fita lafiya ba.

A gwajin Jamusawa, a kan farantin da aka karkata da digiri 30, yana huda milimita 120 daga nisan mita 100, milimita 100 daga mita 1,000, da milimita 84 daga mita 2,000. Akwai kuma Panzergranate 40 mai zuciyar tangistan, kilo 7.3, gudun mita 930 a daƙiƙa, mai huda milimita 138 daga mita 1,000. Amma shi ɗan ƙalilan aka samar, domin masana'antu na buƙatar tangistan ɗin wajen yin kayan yankan ƙarfe.

A lura da maganar karkatar faranti, don ita ce sirrin T-34. Sulken gabanta milimita 45 ne kacal, amma an kwantar da shi digiri 60. In ka sari rake a karkace, fuskar saran ta fi ta wanda aka sara a miƙe tsawo. Haka harsashi ke tarar da ƙarfen da ya kwanta: hanyar da zai ratsa ta ninka, ga kuma yiwuwar ya zame ya yi sama. Igwogin farko na Jamus a nan suke gazawa. Ita 88 tana fasa wannan gaba daga nisan da ita T-34 mai igwar milimita 76 ba ta da abin da za ta iya yi wa Tiger, mai sulken gaba milimita 100.

Yaya ake harba ta a cikin tankar?

Mutum biyar ne a ciki, uku daga cikinsu a kan da ke juyawa. Maharbi na zaune hagu da bindiga, kwamanda na bayansa a ɗan sama, mai ɗura harsashi na dama. Shi mai ɗurawa aikin ƙarfi yake yi: cikakken harsashi da kwansonsa ya kai kilo 15, zai zaro shi daga ma'ajiya a jikin bango, ya juya shi a wurin da mutum ba ya iya miƙe hannu sosai, ya tura shi da dunƙulallen hannu don kada murfin gindin bindigar, wanda ke rufe kansa, ya datse masa yatsu. In an harba, bindigar ta ja baya fiye da rabin mita, ta tofo kwanso mai zafi ya faɗa cikin jakar tamfol, fanka a rufi na ta fama da hayaƙi.

Maharbi na juya kan ne da taka wani faranti a ƙarƙashin ƙafarsa, wanda ke karɓar ƙarfi daga injin tankar. In injin na tafiya a hankali, zagaye ɗaya na cin minti guda. In injin ya mutu sai da hannu, kuma sai ya murɗa mariƙin sau 720 kafin kan ya zagayo.

A cikin madubin saitinsa akwai jerin ƙananan alamomi masu kusurwa uku, ta tsakiya ta fi girma. Da su yake auna nisa. Faɗin ta tsakiyar awo 4 ne, kowane awo kuma na daidai da mita ɗaya a nisan mita 1,000. Ya san faɗin T-34 mita 3 ne. In ta cika alamar tsakiya cif, sai ya raba 3,000 gida 4, ya san tana nisan mita 750. Da yake harsashin na tafiya kusan a miƙe, ko ya yi kuskuren mita ɗari ko biyu a irin wannan nisa zai samu. Turawan Ingila da suka gwada wadda suka kama sun sami allo mai faɗin santimita 41 da tsawon 46 sau biyar a jere daga mita 1,100. Wannan daidaito, tare da kyawun gilashin madubin, shi ne ainihin ƙarfin bindigar, fiye da girman bakinta.

Ita ce igwar tanka mafi ƙarfi da Jamus ta yi?

Ba ita ba ce. Igwar tankar Panther, 7.5 cm KwK 42 ta kamfanin Rheinmetall, ta fi ta ƙanƙantar rami amma ta fi ta huda sulke: milimita 111 daga mita 1,000, saboda tsawon bututunta ninki 70 ne kuma harsashinta na gudun sama da mita 900 a daƙiƙa. Inda 88 ta fi ta shi ne harsashin fashewa, wajen rusa gini da ramukan soja.

Sannan akwai ƙanwarta, 8.8 cm KwK 43 L/71, wadda aka ɗora wa Tiger II. Rami ɗaya, amma bututun ya haura mita 6, kwanson ya fi tsawo da kauri nesa ba kusa ba, gudun harsashi mita 1,000 a daƙiƙa, tana huda milimita 165 daga mita 1,000. Ana yawan cakuɗa su biyun. Tiger II ɗin ba a ƙera ko 500 ba.

To me ya sa sunanta ya fi na sauran tashi?

Lokacin da ta fito ne ya taimake ta. Daga ƙarshen 1942 zuwa ƙarshen 1943, a Tunisiya da Sisili da Kursk, babu tankar abokan gaba da ke iya tsayawa da ita gaba da gaba daga nesa. Sojan da ya ga tankar abokinsa ta kama da wuta bai ma ga wanda ya harbo ba, ba zai manta ba. Tsoron ya kai ga a Normandi a 1944 kusan kowace tankar Jamus aka hango sai a ce Tiger ce, alhali galibi Panzer IV ce, wadda farantan da aka rataya mata suka sa ta yi kama da ita daga nesa. Kowace igwa ta tashi kuma a ce 88 ce.

Ma'aikatar farfagandar Hitila, wadda minista Goebbels ke jagoranta, ta ɗora nata. Ta ɗauki irin su Michael Wittmann, kwamandan Tiger a rundunar SS ta jam'iyyar Hitila, wanda ya tarwatsa ayarin Birtaniya a Villers-Bocage ranar 13 ga Yunin 1944, ta mai da su taurari a jaridu da rediyo. Alƙaluman tankokin da aka ce waɗannan mutane sun hallaka iƙirari ne na bakin rundunoninsu, kuma hukumar sojan Jamus da kanta takan zaftare irin waɗannan alƙaluma kafin ta yi lissafi da su. Shi Wittmann bai cika wata biyu ba bayan wannan rana: an kashe shi ranar 8 ga Agusta, lokacin da tankokin Sherman na Birtaniya da Kanada suka yi wa ayarinsa kwanton ɓauna.

Wane martani abokan gaba suka mayar?

Sobiyet ta kama Tiger lafiyayya kusa da Leningirad a watan Janairun 1943, ta kai ta filin gwaji na Kubinka ta yi ta harbi da duk abin da take da shi. Igwar T-34 ta kasa, amma bindigar kakkaɓo jirgi mai milimita 85 ta huda. Su ma sai suka bi hanyar da Jamus ta bi, a farkon 1944 T-34-85 ta fito, tare da IS-2 mai igwar milimita 122. Birtaniya ta cusa igwarta mai suna 17-pounder cikin Sherman, aka sami Firefly. Amurka ta kawo igwa mai milimita 76, daga baya 90. Ban da wannan akwai nakiyoyi, da manyan igwogi, da jirage, da dabarar zagayowa a buge ta a haƙarƙari inda sulken yake milimita 80.

In tana da kyau haka, me ya hana ta sauya sakamakon yaƙin?

Lissafi. Daga Agustan 1942 zuwa Agustan 1944 Tiger I kusan 1,350 kawai aka ƙera. Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000, Sobiyet kuma T-34 sama da 50,000. Kuɗin Tiger ɗaya ya haura na Panzer IV biyu. A Kursk, yaƙin da ake ta ambatonta, Tiger ɗin da ke wurin ba su wuce 150 ba.

Ga kuma wahalar kai bindigar inda ake buƙatarta. Tankar ta fi ƙarfin gadoji da yawa. Kafin a ɗora ta a jirgin ƙasa sai an cire sarƙarta mai faɗin santimita 72 an sa siririya, a cire ƙafafun waje, in an isa a mayar. Ƙafafun nata a saƙe suke cikin juna, a hunturun Rasha laka ta shiga tsakani ta daskare cikin dare, da safe tanka ta ƙi motsi. Lita 540 na fetur ba ta kai ta kilomita 200 ko a kan titi, a ƙasar da fetur ke yi wa ƙaranci kullum. Fitarta ta farko ma, guda huɗu a fadamun Leningirad, lalacewa da maƙalewa ne suka tarye su. In ta lalace ana ja da baya, sai manyan motocin ja uku sun haɗu kafin su motsa ta, saboda haka da yawa mutanenta ne suka tarwatsa su da hannunsu suka tafi a ƙasa.

Su wa suka ƙera ta, kuma wa ta yi wa aiki?

Wannan tambaya ba a cika yin ta ba, kuma ita ce ta fi cancanta a yi. Masana'antun makaman Jamus, har da Krupp da Henschel, sun yi aiki da dubban mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye, da fursunonin yaƙi. Krupp ya yi amfani har da mutanen sansanonin gwale-gwale. Kotun Nuremberg ta sami Alfried Krupp da laifin bautar da mutane da wawure dukiya a 1948, ta yanke masa shekara 12, ko da yake an sake shi a 1951.

Wurin da aka fara kai Tiger kuma, kai ta aka yi don ta ƙarfafa ƙawanyar da aka yi wa Leningirad, wadda ta ɗauki kusan kwana 900, fararen hula ɗaruruwan dubbai suka mutu, akasarinsu da yunwa. Ana iya nazarin ƙirar bindigar a yaba wa injiniyoyinta, amma ni ban ga yadda za a ba da labarinta a tsallake wannan ba.

Sojojinmu da suka je yaƙin sun yi karo da ita?

Rundunonin Nijeriya da suka yi faɗa, Italiyawa suka yaƙa a Somaliya da Habasha a 1941, sannan Japanawa a Bama, inda babu tankar Jamus. Alaƙar da ke akwai ta sama ce: jiragen yaƙin da Birtaniya ke saukewa a tashar Takoradi ta Gana ana harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan zuwa Masar, su shiga yaƙin hamadar da 88 ta yi suna a cikinsa. Sojojin Chadi da ke ƙarƙashin Janar Leclerc kuwa sun ƙetare Sahara sun yi faɗa da Jamusawa a kudancin Tunisiya a 1943.

Akwai wadda ta rage a yau?

Akwai 'yan kaɗan. Ana ganin Tiger I a gidan tarihin tankoki na Saumur a Faransa, da Kubinka kusa da Mosko, wata kuma na ajiye a bakin hanya a garin Vimoutiers na Normandi, kusa da inda mutanenta suka bar ta a 1944. Wadda ta fi shahara ita ce mai lamba 131 a gidan tarihin Bovington da ke kudancin Ingila, ita kaɗai ce injinta ke tashi har yanzu, ana fito da ita fili a wasu ranaku na shekara. An kama ta a Tunisiya a watan Afrilun 1943. Harsashi mai milimita 57 ne ya goge ƙarƙashin bututun igwar ya cuse a mahaɗar kan da gangar jiki, kan ya ƙi juyawa, mutanenta suka fice suka bar ta ba tare da sun lalata ta ba. Firaminista Churchill da Sarki George na Shida duk sun je sun duba ta a Tunis kafin a ɗauko ta zuwa Ingila a watan Oktoban shekarar, kuma tabon harsashin na nan a jikin bututun ga duk wanda ya je kallo.